Haibirid a cunkoson Kwangila: amsa ga Hajiya ta Tudun Wada

Wata malamar makaranta da ke zaune a Tudun Wada, tana koyarwa a Samaru, ta aiko mini da tambaya. Maigidanta na shirin sayar da Camry ɗinsu ƙirar 2007 ya sayi 'yar'uwarta haibirid, wato mai haɗa injin fetur da batir, daga cikin motocin Kwatano. Ɗansu da ke jami'a ya dage a kan cewa irin motar nan tana kare muhalli. Bakanikensu kuma ya ce zancen Turawa ne kawai, mota mota ce, hayaƙi hayaƙi ne. Ta rufe da cewa: "Injiniya, don Allah wa ya fi gaskiya a cikinsu? In ma akwai amfanin, yana aiki a nan Zariya, ko sai a can ƙasashensu?"

Hajiya, wa alaikumus salam. Gardamar da ake yi a falonku ita muke yi a gareji kusan kullum tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Kafin wannan rana, in mutum ya shigo mana da haibirid kallon mai neman suna ake yi masa. Yanzu har direbobin haya na tsayawa su tambayi kuɗinta.

Yaron ya fi kusa da gaskiya. Amfanin yana nan, ana auna shi da lita, kuma abin da zai ba ki mamaki shi ne ya fi bayyana a irin tuƙinmu na cikin gari fiye da kan shimfiɗaɗɗun titunan Turai. Sai dai bakaniken ma ruwa bai yi masa tsami banza ba. Da yawa daga haibirid ɗin da ke yawo a garin nan suna ne kawai ya rage musu, ina kuma kyautata zaton irinsu yake gani, shi ya sa ya raina abin. Zan zo kansu. Bari dai mu fara hawa motarku ta yanzu mu bi hanyar da kike bi kowace safiya.

Daga Tudun Wada ki fito Agoro, ki biyo ta PZ, ki kama titin Sakkwato, ga Kwangila, ga Hanwa, ga Palladan, sannan Samaru. Wata rana ki zauna ki ƙidaya sau nawa ake taka birki a tsakani. Mai keke ya tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, ɗan acaba ya gitta, tirela ta tokare hanya a ƙarƙashin gada. Mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 60 a awa, aka taka mata birki ta tsaya cak, ina ƙarfin da ke tafe da ita ya je? Zafi ya koma, a faifan birki. Na taɓa zama na lissafa wa yaran gareji cewa zafin tsayawa ɗaya irin wannan ya isa ya tafasa ruwa fiye da rabin lita, shayin mutum biyu ke nan. Wanda ya yi musu na ce ya ɗora yatsa a faifan motar da ta shigo yanzu daga Kwangila, bai sake musu ba. Ga shi kuma injin fetur irin naku, in ya yi ƙoƙari, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin man yake mayarwa tafiya, sauran ya bi lagireto da salansa ya fice. Ashe man da aka ƙona kafin a samu gudun da birki ya kashe ya ninka wancan shayin sau uku ko huɗu.

Haibirid ba ta yarda da wannan asara. Akwai injin lantarki a haɗe da tayoyinta. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ko ya taɓa birki a hankali, sai injin lantarkin ya juye ya zama janareta. Tayoyi ke juya shi, shi kuma yana turjewa, turjiyar ce ke rage gudun motar, wutar da ya samar kuma ta shige batir. Ba duka ake tsira da ita ba, kuma in birkin gaggawa ne, takalman birki na yau da kullum ke kamawa. Amma abin da aka tara shi ake amfani da shi a tayar da motar daga tsaye, wanda nan ne injin fetur ya fi zuƙar mai ya fi kuma ƙazanta hayaƙi. Ko a gareji muna ganin shaida, don takalman birkin haibirid kan daɗe ƙwarai ba a canza su ba. Ƙurar da ke fita daga gugar birki, baƙar nan da ke manne wa wili, ita ma iska take shiga, raguwarta riba ce da ba a cika ambata ba.

Sai tsayuwa. Motarku in tana sulo a gosulo da esi a kunne, ta kan sha lita guda ko fiye a awa ɗaya ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Haibirid kuwa da ta tsaya injin ya mutu. Esinta da lantarki yake aiki, saboda haka sanyi bai yanke ba, sai batir ya yi ƙasa injin ya tashi na 'yan mintoci ya sake kwanciya. Shi kansa injin fetur ɗin daban aka ƙera shi, a kan wata dabara da ake jingina wa James Atkinson, injiniyan Ingila na shekarun 1880. Injin ne mai tatse mai sosai amma rago wajen tashi. A mota ta yau da kullum ragwantakar nan aibi ce, a haibirid kuwa injin lantarki ke rufa masa asiri. Da wannan haɗin Toyota ta ce injin haibirid ɗinta Prius ta 2015 ya kai ga mayar da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin fetur zuwa aiki. Kada kuma a ce miki gwaji ake yi da ku. Tun Disambar 1997 aka fara sayar da Prius a Japan.

Ga lambobi, tunda malama nake yi wa bayani. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Camry ƙirar 2007 mai silinda huɗu tana yin kimanin kilomita 9 da lita ɗaya a cikin gari, 'yar'uwarta haibirid tana yin kimanin 14. A babbar hanya kuwa ta farko na yin kusan 13, haibirid 14 da rabi. Ki duba da kyau. A cikin gari tazarar babba ce, a kan babbar hanya ta kusa rufewa, domin mai gudu ɗaya tun daga Ɗanmagaji har Kaduna ba ya taka birki, ba ya tsayawa, babu abin da batir zai tara. Prius ƙirar 2010 ma ta fi cin nisa a cikin gari, kusan kilomita 22 da lita, fiye da kan babbar hanya inda take yin 20 da ɗoriya. Waɗannan lambobi na sababbin motoci ne a kan titunansu, naku ba za su kai haka ba, amma tazarar da ke tsakani ita nake so ki riƙe. In sana'ar Alhaji ta zirga-zirgar Kano da Kaduna ce, ki gaya masa ribar kaɗan ce. In motar ta kai yara makaranta ce, da Samaru, da kasuwar Sabon Gari, to irin aikin da aka ƙera ta dominsa ke nan.

Yanzu mu juya litar zuwa hayaƙi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Yarana kullum sai sun tsaya a nan: yaya man da litarsa ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba zai haifi fiye da kilo biyu? Amsar ita ce wuta ba ta ci sai da iska. Kabon ɗin da ke cikin man yana kama iskar oksijin daga waje, nauyin da ya ƙaru nata ne. Mu ɗauka, a misali, kuna cin kilomita 15,000 a shekara, akasari a cikin gari. Motarku ta yanzu za ta sha lita 1,670 ko kusa da haka, haibirid mai lafiya lita 1,070. Bambancin lita 600 ne. Ki ninka da 2.3, ya ba ki kilo 1,380, nauyin buhun siminti 27 da ɗoriya da bai hau sama ba a shekara guda. Kuɗin lita 600 kuwa na bar miki lissafinsa da farashin ranar da kike karanta wannan.

Ba zan ruɗe ki in ce motarku za ta dawo da ruwan Tafkin Chadi ko ta daidaita damina ba. Abin da ɗan Najeriya ke fitarwa na wannan iska a shekara, in aka raba daidai, bai kai tan ɗaya ba, na Ba'amurke kuwa ya kai tan 14. Ba mu muka hura wutar ba, ko da yake muna cikin masu shan zafinta. Gwamnati ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021, ta bakin shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, cewa zuwa 2060 ƙasar nan za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa. Wannan magana ce ta manya da dogon lokaci. Ni amfanin da ya fi damuna yana ƙasa da haka sosai, daidai tsayin hancin yaro.

Ki tsaya a Kwangila da safiyar hunturu, kafin rana ta yi ƙarfi. Iskar sanyi ta kwanta, hayaƙi ba ya tashi sama, sai ya shimfiɗu a kan titi kamar an rufa masa bargo. Wa ke cikinsa? Mai rake, mai ƙosai, masu ba da hannu, da 'yan talla waɗanda hancinsu bai fi salansar mota tsayi da yawa ba. Abin da suke shaƙa ba kabon dayoksaid ne matsalarsa ba. Akwai kabon monoksaid, gubar nan marar wari da ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a ɗaki. Akwai iskar naitirojin oksaid mai ƙona maƙogwaro ta tayar da asma. Akwai ɗanyen fetur da bai gama ƙonewa ba, a cikinsa har da sinadarin benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Akwai kuma ƙura mai laushi da ido ba ya gani, wadda ke wucewa har can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Motar da injinta ke kashe a daidai wannan wuri, ta tashi da lantarki ta wuce, ba ta zuba wa mai ƙosan nan komai ba a mintocin da ta yi kusa da ita. Wannan amfani ba sai an jira 2060 ba.

In an yi adalci, ƙananan motoci ba su kaɗai ke ɓata iskar Zariya ba, ƙila ma ba su ne kan gaba ba. Ga tireloli da tankokin dizal, ga babura da keke, ga janareta a kowane shago, ga itacen girki, ga bolar da ake cinna wa wuta da yamma, ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa tun daga Chadi wadda babu motar da za ta hana ta. Haibirid rabonta kawai take ragewa.

To, yanzu ga inda bakanikenku yake da gaskiya.

A ƙarƙashin kowace motar zamani, a kan bututun salansa, akwai wani kumburi kamar ƙaramin tulu. Shi makanikai ke kira indomi, don cikinsa ramuka ne ƙanana dubbai kamar ƙullin taliyar yara. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsadar gaske, filatinam da faladiyam da rodiyam. In ya yi zafi yadda ya kamata, yana kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗancan gubobi kafin su fita. Tsadar ƙarafan nan ita ce ta zama masa bala'i. Na haibirid an fi farautarsa, har a Ingila da Amurka ɓarayi na shiga ƙarƙashin Prius su yanke shi, saboda ƙarfen da ke cikinsa ya fi yawa kuma bai cika lalacewa ba. A wurinmu ba a ma jiran ɓarawo. Wani lokaci tun a hanya kafin motar ta iso ake fasa tulun a kwashe cikinsa a sake walde shi, wani lokaci a gareji ake ce wa mai mota ai indomi ne ke shaƙe masa injin, a cire masa, a ba shi 'yan kuɗi, ya tafi yana godiya.

Bara wani bawan Allah ya kawo mini Prius ɗin da ya saya a wurin wani dillali, yana kukan cewa an ce masa ba ta shan mai, ga shi tana sha kamar ta da. Muka ɗaga ta. Tulun na nan, fes da shi, har an shafa masa fenti. Na ɗauki sifana na ƙwanƙwasa, ya amsa mini kamar gwangwanin madara da aka shanye. Ga layin walda a gefe, sabo. Na sa aka tayar da injin na ce ya durƙusa ya shinshina daga nesa, nan take idonsa ya kawo ruwa. Daga nan muka koma kujerar baya. A gefenta akwai wata 'yar taga mai raga, ta nan fanka ke zuƙar iskar cikin mota ta kai wa batir. Da muka kwance fankar, abin da muka fitar ya cika tafin hannu biyu: ƙurar hunturu da ta daskare kamar laka, zaren kafet, gashi, har da ɓawon gyaɗa. Batirin ya shekara yana dahuwa ba iska. Da muka sa na'ura muka auna, uku daga cikin sassansa 28 sun mutu.

Ki gane abin da ke faruwa da irin wannan mota. Batir ya raunana, ba ya riƙe wuta, saboda haka kwamfutar motar ba ta barin injin ya huta, kullum yana aiki yana ƙoƙarin cika batirin, kamar mai cika tulun da ke yoyo. Ga nauyin batirin, kusan buhun siminti guda, ana ja a banza. Ga injin da tun asali rago ne in babu mai taya shi. Ga salansa ba mataci. Wannan motar ta fi Camry ɗinku ta yanzu ɓata iska, in dai taku indominta na nan. Wanda ya sayi irinta don muhalli ya gudu bai tsira ba.

Kuma ba tsautsayi ne na mutum ɗaya ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, da yawansu kuma ba za su ci jarrabawar hayaƙi a ƙasashen da suka baro ba. Garantin da Toyota ke bai wa batirin motocin wancan zamani a akasarin Amurka shekara 8 ne. Ki lissafa shekarun ƙirar 2007 yau. Wasu batiran na zarce garantin da nisa, na ga masu shekara goma sha biyar da ransu, amma babban maƙiyinsu zafi ne, mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna dosar digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. A Camry ƙirar 2007 zuwa 2011 tagar iskar batirin tana kan allon bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, daidai inda mutanenmu ke jera filo da kwalin tishu da hula da sallaya. Ki zama ke ce mai gadin wannan wuri. A riƙa faka ta a inuwa, a wanke fankar ko da sau ɗaya ne a shekara bayan hunturu ya wuce, a kuma guji man 'yan bumburutu, don gaurayayyen mai yana kashe indomi a hankali.

Akwai wata hujja da masu suka ke kawowa, ƙila ɗanki ya ci karo da ita a intanet: wai haƙar ma'adinan batir da ƙera shi na ɓata duniya fiye da abin da motar ke ragewa. Haƙar na ɓarna, wannan ba musu. Duk wanda ya ji labarin ramukan kobal a Kwango ko na nikel a Indunusiya ya san ba wasa ba ne. Sai dai batirin haibirid irin wadda Alhaji ke nema ƙarami ne, wutar da yake ɗauka ba ta kai yunit biyu na mita ba, alhali na motar lantarki zalla yana ɗaukar yunit hamsin ko sittin ko fiye. A rayuwar mota mai shan fetur, mafi yawan hayaƙinta daga man da take ƙonawa yake fitowa, ba daga masana'anta ba, don haka ɗan ƙarin da batirin ya jawo ba ya daɗewa man da aka rage ya biya shi. Balle ku da za ku sayi tsohuwa, wadda an riga an ƙera ta shekaru da dama. Tsohuwar Camry ɗinku ma ba ɓacewa za ta yi ba, wani zai saya ya ci gaba da hawa. In Allah ya sa ita ce za ta yi wa wata tsohuwar akwala mai baƙin hayaƙi ritaya, an ci riba biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar batirin in ya mutu. A Japan da Turai kamfanin kan karɓe shi ya narke ya cire nikel ɗin. A nan kuwa sau da yawa hannun 'yan gwangwan yake faɗawa, yaro ya sa guduma ya fasa don neman abin sayarwa. Ruwan da ke cikinsa ɗan'uwan sodar yin sabulu ne, yana cin fata, in ya shiga ido ya makanta. Wutar da ke cikin haɗaɗɗen batirin ta wuce bolt 200, ta Camry ma ta kusa 245, ta isa ta kashe babban mutum, shi ya sa aka yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi. Sababbin da ke da batirin litiyam kuwa in an huda su wuta suke kamawa. Abin da aka watsar a bola ruwan damina ne zai wanke shi ya gangara da shi Kubanni ko Galma, inda ake ban ruwan kayan miyar da ni da ke muke saye. In ranar canji ta zo, ku bar tsohon a hannun wanda ya sa muku sabon, ku sa ya rage muku kuɗi a kansa, domin sassan da ke da sauran rai ana gwada su a sake haɗa wani da su. Haka ƙaramin batirin dalma mai bolt 12, wanda haibirid ma tana da shi, kada a bar yara su yi wasa da shi a tsakar gida.

Ku kuma yi hattara da suna, ba duk mai tambarin haibirid ce iri ɗaya ba. Akwai wadda ɗan ƙaramin injin lantarki ne kawai ke taya na fetur, ba ta iya tafiya da lantarki shi kaɗai, ragin manta kaɗan ne. Akwai kuma mai babban batir da ake jona ta a soket, irin su Outlander ta Mitsubishi, wadda ke iya zuwa Samaru ta dawo ba ta taɓa fetur ba. A takarda ita ce ta fi, musamman ga mai sola a rufin gida. Amma kin tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwanaki a duhu. Wanda zai tayar da ƙaramin janareta ya caja mota ya ɗauke hayaƙin daga titi ya kawo shi tsakar gidansa ne, kuma janareta ba shi da indomi. Irin ta Alhaji ba a jona ta ko'ina, da kanta take cika batirinta, wannan ya sa nake ganin ta fi dacewa da halin da muke ciki.

Abu biyu ƙanana kafin in manta. Shirunta alheri ne ga kunne, amma a lungunan cikin birni, wajen Babban Dodo ko Ƙofar Doka, inda yara ke fitowa a guje daga zaure kuma makaho da kunne yake tsallaka hanya, motar da ba a jin tahowarta hatsari ce. Tarayyar Turai sai da ta wajabta sa wa sababbi ƙarar gargaɗi daga 2019, tsofaffin da ke iso mana ba su da ita, sai direba ya kula. Na biyun kuma hali ne na ɗan Adam: da mai ya yi sauƙi sai yawo ya ƙaru, aiken da a da ake tura yaro da ƙafa yanzu a ce ɗauki mota. In haka ta faru lita 600 ɗin nan za ta zagwanye. Malamai huɗu da ke haɗuwa a tsohuwar mota ɗaya daga Tudun Wada zuwa Samaru sun fi mutum ɗaya a cikin Prius rage hayaƙi.

Ranar da Alhaji zai je ganin motar, kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya yarda da bakaniken da dillali ya kawo. Ya ɗauki mai wayarin da ya san haibirid kuma yake da na'urar da ke karanta ƙarfin kowane sashe na batir, su duba ko sassan sun yi kai ɗaya ko wasu sun faɗi ƙasa. Su ɗaga motar su ƙwanƙwasa indomi, su nemi sabuwar walda, su tabbata wayoyin na'urorin da ke gabansa da bayansa na nan ba a yanke ba. Su lura ko fitilun gargaɗi na dashbod duk suna kamawa a lokacin kunnawa sannan su mutu, don akwai masu cire ƙwan fitilar su ɓoye ciwo. Sannan ya ce a ba shi ita ya tuƙa, ba zagayen fili ba. Ya kunna esi ya shiga cunkoson PZ zuwa Kwangila da misalin ƙarfe biyu na rana, idonsa a kan hoton batirin da ke allo. In ya ga yana cika fal cikin minti biyu ya kuma zube cikin minti biyu, ko injin ya ƙi mutuwa ko sau ɗaya a duk tsayuwar da aka yi, ko ya ji fankar baya na kuka kamar injin niƙa, ya miƙa musu makullinsu, ko kuma a zauna a cire kuɗin sabon batir daga farashin kafin a yi sallama. Ki gaida Alhaji, ki kuma ce wa ɗalibin namu ya bi su ranar, ya riƙe fitila a ƙarƙashin motar.